Bargon ƙyallaye na matan Gee's Bend: Suna ya kai duniya, wa ya ci ribar?

A shekarar 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta fitar da kan sarki iri goma, kowanne ɗauke da hoton bargo. Waɗanda suka ɗinka bargunan mata ne baƙar fata, mazauna wani ƙauye mai suna Gee's Bend a Jihar Alabama, wanda mutanensa 'yan ɗaruruwa ne kawai. Da yawa daga cikin bargunan ƙauyen an haɗa su ne da tsofaffin wandunan gona, buhunan gari da ragowar yadi.

Shekara ɗaya bayan wannan karramawa, wasu daga cikin matan suka garzaya kotu suna ƙorafin cewa ba a biya su haƙƙinsu yadda ya kamata ba. Tsakanin waccan karramawa da wannan ƙara akwai darasin da ya shafi duk mai sana'ar hannu: yabo daban, riba daban, kuma abin da ke haɗa su wuri guda shi ne ƙungiya mai tsari wadda masu aikin ke riƙe da akalarta.

Mene ne bargon ƙyallaye?

Turawa na kiran sa kwilt. Shimfiɗa uku ake haɗawa. Ta sama ƙyallaye ne da ake yankawa a jona da juna su ba da zane. Ta tsakiya auduga ce ko wani abu mai laushi da ke riƙe ɗumi. Ta ƙasa kuma faffaɗan yadi ne. Bayan an jera su sai a bi da allura da zare a ratsa duka ukun da ƙananan ɗinki, layi bayan layi, domin kada audugar ta dunƙule wuri guda idan an wanke.

Jona ƙyallayen sama aiki ne da mace ɗaya kan yi a ɗakinta. Ratsa shimfiɗun uku kuwa yana cin lokaci, shi ya sa tun da can mata kan miƙe bargon a kan katako su kewaye shi, kowacce ta kama gefenta. Yau a gidan wannan, gobe a gidan waccan, kamar dai aikin gayya. Daga wannan zama ne ƙungiyoyin masu ɗinkin bargo suka samo asali.

A yau ɗinkin ya zama abin sha'awa ga ɗimbin mutane a Amurka, Kanada, Ingila, Ostireliya da Japan, akasarinsu mata, da yawa kuma sun yi ritaya daga aiki. Sha'awar ta farfaɗo sosai a shekarun 1970, bayan gidan adana kayan fasaha na Whitney da ke New York ya rataye tsofaffin barguna a bango a 1971 kamar yadda ake rataye zanen manyan masu fasaha, sannan bikin cikar Amurka shekara 200 da 'yanci a 1976 ya sa mutane waiwayar sana'o'in kakanninsu.

Abin da ƙungiyoyin ke yi

Ƙungiyar gari kan haɗu ne sau ɗaya a wata, a ɗakin taron coci, ɗakin karatu ko makaranta. Mambobi na biyan kuɗin shekara. A kowane zama, wadda ta gama bargo za ta ɗaga shi gaban jama'a ta faɗi yadda ta yi shi da wanda ta yi wa. Ana gayyato ƙwararru su koyar da sabuwar dabara, ana musayar ragowar yadi, ana ba da aron littattafai da kayan aiki. Wata ƙungiyar kan raba wa mambobi zane ɗaya kowane wata, a ƙarshen shekara kowacce ta haɗa guda goma sha biyun su zama bargo.

Akwai kuma aikin taimako. Shirin Project Linus, wanda aka kafa a 1995, yana tattara barguna domin yara marasa lafiya da waɗanda suka shiga tashin hankali. Shirin Quilts of Valor, na 2003, yana ɗinka wa sojojin da yaƙi ya taɓa. A watan Oktoban 1987 an shimfiɗa wani katafaren bargo a filin taro na birnin Washington mai ɓangarori 1,920, kowanne da sunan wanda cutar ƙanjamau ta kashe, a lokacin da iyalai da dama ke jin kunyar ambaton cutar.

Sama da ƙungiyoyin gari akwai manya. A Birtaniya an kafa ta ƙasa a 1979. A Amurka akwai wadda ke Paducah a Jihar Kentucky tun 1984, da ta mata baƙar fata wadda Carolyn Mazloomi ta kafa a 1985, da ta masu salon zamani da aka fara a Los Angeles a 2009. Baje kolin birnin Houston, wanda ya faro a 1974, yana tara dubban mutane duk shekara.

Mai kallo daga nesa zai ce zaman hira ne na waɗanda suka ƙoshi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin sabon yadi da keken ɗinki na zamani ba su da araha. Amma ranar da aka taɓa haƙƙin masu ɗinki, waɗannan ƙungiyoyi ne suka tashi.

Misali shi ne bargon Harriet Powers, wadda aka haifa cikin bauta a Jihar Georgia a 1837. Ta ɗinka bargo mai ɗauke da labaran Littafi Mai Tsarki, ta nuna shi a wani baje koli a 1886. Wata malamar zane mai suna Jennie Smith ta nemi saye, ta ƙi. Bayan 'yan shekaru talauci ya matsa, ta sayar mata a kan dala biyar. Bargon yana gidan tarihi na Smithsonian a yau. A farkon shekarun 1990 gidan tarihin ya ba wani kamfani izinin kwaikwayon wasu bargunan da ke hannunsa, har da na Harriet, a ɗinka su da araha a China a shigo da su. Ƙungiyoyin masu ɗinki suka yi ca, suka tattara sa hannu, suka yi zanga-zanga, har sai da hukumar gidan ta zauna da wakilansu aka sake duba sharuɗɗan. Harriet ba ta da kowa a bayanta ranar da aka yi cinikin dala biyar. Shekara ɗari bayan haka, masu magana da murya ɗaya ne suka tsaya wa aikinta.

Ƙauyen da kogi ya kewaye

Gee's Bend yana cikin wata kwana da Kogin Alabama ya yi, ruwa ya kewaye shi ta gefe uku. Sunan ya fito ne daga Joseph Gee, wanda ya kafa gonar auduga a wurin a 1816. A 1845 gonar ta koma hannun Mark Pettway, wanda ya taso da bayi kimanin 100 daga Jihar North Carolina, akasarinsu a ƙafa. Shi ya sa har gobe iyalai da yawa a ƙauyen ke amsa sunan Pettway, sunan wanda ya mallaki kakanninsu.

Bayan soke bauta mutanen suka ci gaba da noma ƙasar a matsayin 'yan haya, suna cin bashin iri da abinci kafin girbi. Da farashin auduga ya faɗi warwas, wani ɗan kasuwar garin Camden da ke ba su bashi ya mutu a 1932, magadansa suka aiko aka kwashe dabbobi, garemani da abincin da ke rumbu. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ce ta ciyar da ƙauyen a wannan hunturu. Daga baya gwamnatin Shugaba Roosevelt ta sayi ƙasar, ta gina gidaje, ta sayar wa mazauna gonakin a kan bashi mai sauƙi. Mallakar ƙasa ta sa iyalai suka zauna wuri guda, ɗinki ya riƙa gangarowa daga kaka zuwa uwa zuwa jika.

Sanyi ne ya koya musu sana'ar. Gidajen katako ne da iska ke ratsawa, ana liƙa tsofaffin jaridu a bango domin toshe kafofi, ana jibga barguna da yawa a kan gado ɗaya. Babu kuɗin sayen yadi, saboda haka duk tufar da ta mutu sai a farke ta. A 1942 Missouri Pettway ta tattara kayan gonar mijinta da ya rasu ta ɗinka bargo da su, har tabon guiwar wandon yana nan a jiki.

Rashin littafin zane da rashin sabon yadi suka haifar da salo na daban. Matan kan ɗauki zane sananne, kamar wanda ake jera murabba'i cikin murabba'i kamar rufin ɗaki, su karkata shi yadda ƙyallen da ke hannu ya ba da dama. Layi ba ya miƙewa sak, launi kan faɗo inda ba a zata ba. Abin da ɗan kasuwa zai kira kuskure shi ne daga baya masana suka yi ta yabo.

Ƙungiyar farko da farashin da aka biya

A farkon shekarun 1960 mutanen ƙauyen suka fara tsallaka kogi zuwa Camden domin neman rajistar zaɓe. A 1962 hukumomi suka dakatar da jirgin fito. Tafiyar 'yan mintuna ta koma zagayen kusan mil 40 a mota, ga mutanen da mafi yawansu ba su da mota. Jirgin bai dawo ba sai 2006, bayan shekara 44. Martin Luther King ya ziyarci ƙauyen a 1965, kuma alfadarai biyu daga Gee's Bend ne suka ja keken da ya ɗauki gawarsa a Atlanta a 1968.

A cikin wannan yanayi ne wani limamin coci mai fafutukar kare haƙƙi, Francis Walter, ya ga barguna a shanye a kan igiya. Ya riƙa saye a kan dala goma-goma, aka yi gwanjonsu a New York, aka dawo wa matan da kuɗin. A watan Maris na 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar gama kai mai suna Freedom Quilting Bee, hedikwatarta a kusa da Gee's Bend, Estelle Witherspoon ce manajarta. A 1969 suka buɗe cibiyar ɗinki tasu ta kansu, daga baya aka ƙara wurin renon yara.

A karon farko matan da suka saba tsinkar auduga a gonar wani suka fara karɓar kuɗin aikinsu a hannu. Wasu suka ja ruwan famfo zuwa gida, wasu suka tura 'ya'yansu manyan makarantu. Wannan nasara ce da babu mai musu a kanta.

Sai dai kasuwa ta zo da sharaɗinta. Manyan kantuna irin su Bloomingdale's suna son barguna masu awo ɗaya da zane ɗaya, kowanne tamkar ɗan uwansa. Wadda hannunta ya saba da karkata zane sai ta ga an dawo mata da aiki a ce ta warware. Wasu suka haƙura suka bi, wasu suka koma gida. A 1972 ƙungiyar ta samu kwangila daga kamfanin Sears ta ɗinka rigunan matashin kai da wani yadi mai kauri mai layi-layi. Kwangilar ta ciyar da gidaje shekaru masu yawa, amma aiki ne irin na masana'anta.

Abin lura shi ne matan sun riƙa kwasar ragowar wannan yadi zuwa gida suna ɗinka barguna yadda ransu ke so. Wasu daga cikin bargunan da aka fi yabo a gidajen tarihi a yau daga waɗannan ragowa suka fito. Ita kuwa ƙungiyar, da kaya masu araha daga ƙasashen waje suka cika kasuwa, mambobi kuma suka tsufa, sai ta yi ta ja da baya har ta rufe a 2012.

Masu sukar ƙungiyoyin sana'a suna kafa hujja da irin wannan. Suna cewa ƙungiya na kashe basirar mutum ɗaya, tana mayar da mai fasaha leburan kamfani. Hujjar tana da nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Amma idan aka duba da kyau, matsalar ta taso ne daga dogaro da mai saye ɗaya wanda shi ke yanka farashi, shi ke zaɓar zane. Ƙungiyar da ta rataya rayuwarta a wuyan kwangila guda ta miƙa wa wani linzaminta.

Daga igiyar shanya zuwa bangon gidan tarihi

A ƙarshen shekarun 1990 wani mai tara kayan fasaha daga Atlanta, William Arnett, ya ga hoton wani bargon Annie Mae Young da mai ɗaukar hoto Roland Freeman ya ɗauka. Ya bi sawu har ƙauyen, ya sayi ɗaruruwan tsofaffin barguna daga hannun iyalai. A 2002 aka baje su a gidan adana kayan fasaha na Houston, daga nan zuwa Whitney a New York, sannan wasu biranen. Masu sharhi suka riƙa kwatanta su da ayyukan manyan masu zanen Turai na ƙarni na 20. Aka buga littattafai, aka fitar da darduma, zanen gado da sauran kayan gida masu ɗauke da zanen matan.

Babu shakka Arnett ya fito da matan idon duniya, kuma a gidajen tarihin an rubuta sunan kowace mai ɗinki a gefen aikinta, abin da ba a saba yi wa irinsu ba. Amma a 2007 Annie Mae Young da Loretta Pettway suka shigar da ƙara a kan iyalan Arnett, suna zargin ba a ba su rabon da ya dace ba daga barguna da kuma kayan da aka yi da zanensu. Iyalan sun musanta, wasu matan ƙauyen ma sun goyi bayansu. An rufe shari'ar a 2008 ba tare da kotu ta ɗora wa kowa laifi ba.

Ko wane ne mai gaskiya, abu ɗaya ya bayyana. An yi cinikin farko ne tsakanin wanda ya san darajar kaya a New York da wadda take ganin tsohon tsumma ne a ƙarƙashin katifa, kowace a ƙofar ɗakinta, ita kaɗai. A irin wannan ciniki, ko mai saye na da kyakkyawar niyya, ƙarshensa zargi ne. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma da zarar wannan tunani ya shiga zuciyar mai sana'a, yabon jarida ba ya cire shi.

Gyaran da aka yi daga baya duk ta hanyar tsari ya biyo. A 2003 mata kimanin 50 suka kafa ƙungiyar masu ɗinkin Gee's Bend, inda kowane bargo ke fita da sa hannun mai shi da lamba, kuɗin kuma a raba tsakanin mai ɗinki da asusun ƙungiya. Gidauniyar Souls Grown Deep, wadda Arnett ya kafa a 2010, ta mayar da hankali wajen shigar da ayyukan manyan gidajen tarihi, a 2020 kuma ta fara ba masu fasahar da ke raye kashi biyar cikin ɗari na kuɗin da aka sake sayar da ayyukansu. An taimaka wa matan da magadansu su riƙe haƙƙin mallakar zanensu, ta yadda kamfanin da ke son buga shi a riga sai ya nemi izini ya biya. A 2021 wasunsu suka buɗe shaguna a dandalin Etsy, suna sa farashi da kansu, suna karɓar kuɗi kai tsaye.

Karramawa ma ba ta tsaya ba. A 2015 gwamnatin Amurka ta ba Mary Lee Bendolph, Lucy Mingo da Loretta Pettway babbar lambar yabo ta masu sana'ar gargajiya. Duk da haka gundumar Wilcox, inda ƙauyen yake, tana cikin mafiya talauci a Alabama. Shekaru kusan 20 aka ɗauka daga baje kolin farko kafin mace ta iya sayar da bargonta ga ɗan wata ƙasa daga wayarta, kuma da yawa cikin tsofaffin da suka yi sunan sun rasu kafin ranar.

Abin da ya rage ga masu sana'ar hannu

Wannan labari na Amurka ne, amma tambayar da ke cikinsa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Macen da ke ɗinkin hula a cikin gida takan shafe makonni a kan guda ɗaya, yaro ya kai wa dillali, hular ta ƙare a kan wani babban mutum a Abuja ko Yamai da farashin da ba za ta taɓa ji ba. Babu sunanta a jiki. Idan zanen da ta ƙirƙiro ya karɓu, gobe injin zai kwaikwaye shi. Haka masu aikin babbar riga, masu saƙar faifai da masu rini.

Mata a nan sun riga sun iya haɗa kai, adashi shaida ne. Abin da ya rage shi ne a ɗora wannan amana a kan sana'ar kanta, kuma tarihin Gee's Bend ya nuna abubuwa huɗu da ba a wasa da su. A rubuta sunan mai aiki a jikin kowane kaya, a kuma ajiye hotonsa da ranar da aka gama shi. A amince da mafi ƙarancin farashi wanda babu mamba da za ta sauka ƙasa da shi ko da ta matsu, asusun ƙungiya ya ranta mata maimakon ta karyar. Kada a dogara da mai saye ɗaya komai girman kwangilarsa. Duk yarjejeniya da ɗan kasuwa ko ƙungiyar agaji ta kasance a rubuce, a karanta wa kowa da harshen da take ji, a fayyace wa ke da ikon amfani da zanen.

Hukumomin al'adu da ma'aikatun mata na jihohi suna da rawar takawa, kuma ta wuce rabon keken ɗinki a gaban kyamara. Sauƙaƙa rajistar ƙungiyoyin gama kai, samar da lauyan da zai duba yarjejeniya kyauta, da ware rumfa a baje koli wadda masu aikin da kansu za su tsaya a ciki, sun fi amfani kuma ba su kai tsadar taron ƙaddamarwa ba.

Ƙungiya kuma kada ta manta da dalilin da ya fara tara mata a gefen katako: koyar da yara, ɗebe kewa, da barin kowace ta yi zanen da ranta ke so ko da kasuwa ba ta nema ba. Bargunan da suka ɗaukaka Gee's Bend an ɗinka su ne da dare, daga ragowa, ba don kowa ya saya ba. Aikin ƙungiya shi ne ta tabbatar cewa ranar da mai saye ya ƙwanƙwasa ƙofa, mai ɗinkin ta san darajar abin da ke hannunta, kuma ba ita kaɗai za ta fito ta tarbe shi ba.